Zangon Sadaka

San Eleuterio, Meziko
Afrilu, 1987

Zuwa ga matata Nereida, Maman Milagros,

Bayan gaisuwa mai yawa da bege, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Milagros da Tobías. Yaya ƙafar Mama? Tana shafa man da na bar mata, ko ta rabar wa maƙwabta kamar yadda ta saba? Ki gaishe ta, ki ce ɗanta yana nan da ƙarfinsa.

Na iso lafiya, har an fara wasanni. Garin nan dutse ne da ƙaya, ba teku, ba gonar rake, ko inuwar da mutum zai fake babu sai a gaban coci. Abinci wake da wainar masara, safe da rana da dare, ga barkono kamar fushi suke yi da baƙo. Sun haɗa ni ɗaki ɗaya da mai cafkar ƙwallon ƙungiyarmu, Chencho, wani gajeren mutumin Veracruz mai yatsu duk a karkace. Tun ranar farko ya laƙaba mini Baba. Na ce masa ai shekara biyu kawai na ba shi, ya ce shekarun mutanen tsibirinmu ba da kalanda ake ƙirga su ba, da furfura ne. Bakinsa ba ya hutawa, amma ba shi da mugunta.

Kin san yadda ƙwallon gora yake a ƙasar nan. Baƙi ƙalilan doka ta yarda kowace ƙungiya ta riƙe, kuma ba a ɗauko baƙo don ya cika hoto. An ɗauko ni in buga ƙwallo ta tsallake katanga. Ranar da na daina, akwai samari a Panama da Venezuela da jakarsu a ɗaure suna jiran waya. Ban faɗa don ki damu ba. Komai ramar giwa ta fi kwando goma.

Maganar yayanki Wenceslao kuwa, ki ce masa na gode, amma ya nemi wani ya ba shi kujerar ma'aunin rake. Ni Nicanor, in zauna a rumfar kamfanin sukari ina auna amalanken da ubana ya ƙare rayuwarsa yana lodawa? Daga aji uku na bar sakandare, ba wanda ya kama hannuna. Gorar nan ita ta fitar da ni daga garinmu San Pedro ta kai ni Amurka, har na taka filin babbar gasarsu. Wata biyu ne, amma na taka. Ita ta kai mu Japan, inda kika yi ta mitar shinkafarsu ba gishiri. Ita ta gina ɗakin da kike karanta takardar nan a ciki. Talatin da bakwai ba tsufa ba ne. Gwiwa ce kawai take ɗan yi mini magana da safe, ni kuma ba na amsa mata.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Nicanor


A kan hanya, Meziko
Mayu, 1987

Nereida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, Mama kuma ta samu sauƙi. Takardarki ta same ni ana gobe za mu fita rangadi, na karanta ta a mota. Na ji daɗin jarrabawar Milagros ƙwarai. Tobías kuwa ki daina dukansa, taga ɗaya ya fasa. Ni a shekarunsa ba gidan da ban fasa wa taga ba a layinmu, sai gidan da ba shi da ita.

Kin ce Wenceslao ya kawo miki jarida, ya nuna miki sunana a can ƙasan jerin 'yan ƙasarmu masu wasa a waje. Ina yaba masa da wannan ƙoƙari. Lokacin da sunana yake sama ban taɓa jin ya sayi jarida ba.

Gaskiya ne bugun bai zauna ba tukuna, kuma bari in gaya miki dalili. Shekara goma sha biyar kina zuwa fili, amma da zarar na ɗauki gora sai ki rufe ido ki kama addu'a, shi ya sa har yau ba ki san dokar wasan ba. To saurara. In mai jifa ya jefo ƙwallo daidai, tsakanin gwiwata da ƙirjina, ban buga ba, ko na kai bugu na kuskure, an ci ni ɗaya. In aka ci ni uku na koma benci. In kuwa ya jefo ta a karkace na ƙyale ta, shi aka ci. Ya yi haka sau huɗu, sai alƙali ya nuna mini zangon farko, cikin zango ukun da ake bi kafin a dawo gida a ci maki, in taka in tafi, ban bugi komai ba. Mu tun muna yara sadaka muke kiran wannan.

Masu jifan ƙasar nan tsofaffin diloli ne. Ba su da ƙarfi, sai wayo. Za su jefo ta kamar tana zuwa ƙirjinka, tana isowa sai ta lanƙwashe ta faɗi a ƙasa. Sun gaya wa juna cewa ɗan tsibirin nan ba ya ƙyale komai, don haka ba wanda yake ba ni ta kirki.

Shekaranjiya kocinmu Don Evaristo ya kira ni. Dattijo ne mai tumbi, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Nicanor, tsoron sunanka suke yi. Ka tsaya kawai da gorar a kafaɗa, su da kansu za su raka ka zangon farko." Na ce, "Yallaɓai, in mai tsayuwa kake nema ga turken fitila can, ko abinci ba ya ci." Bai yi dariya ba. Ya ce mutum a zango mutum ne a zango, ko da gora ya je ko da roƙo.

Ba zai gane ba, Nereida. Shi a garinsu aka haife shi, a garinsu ya yi wasa, bai taɓa neman hanyar fita daga ko'ina ba. Mu da murfin kwalba da sandar tsintsiya muka koya, a bayan kamfanin sukari. Murfin kwalba ba ya zuwa daidai, yawo yake a iska kamar malam-buɗe-littafi, kuma ba alƙali. Ka tsaya zaɓe, na bayanka ya ƙwace sandar.

Ban san ko na taɓa ba ki labarin Lucindo ba. Ranar da Bature mai neman 'yan wasa ya zo, yara cike da fili, kowa jifa kaɗan za a yi masa a ce na gaba. Lucindo ne a gabana, kuma ya fi ni ido, wannan ban taɓa musu ba. Aka jefo masa huɗu a karkace ya ƙyale su duka, daidai yadda littafi ya ce. Baturen ko sunansa bai tambaya ba. Ni aka jefo mini wata a kan igiyar takalmina, na kwashe ta ta faɗa cikin gonar rake. A sati na gaba na shiga jirgi. Lucindo yana nan, shi ne mai gyaran taya a hanyar kasuwa, kina wuce shi kullum. Ba a barin tsibirinmu da sadaka. Ko jaririn San Pedro ya san haka.

Abin da ya kawo ni nan shi zai riƙe ni a nan. Ki ƙara haƙuri, wata mai zuwa jaridar Wenceslao za ta yi masa ɗaci.

Ki gai da kowa da kowa.

Naki,
Nicanor


San Eleuterio
Yuni, 1987

Maman Milagros,

Ina gaishe ki, ina gai da yara da Mama, da fatan ruwan bana bai shiga ɗakin baya ba. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Mun dawo daga kudu, tafiyar yini da kwana a mota, na sauko ƙafata ta dama ba ta san tawa ce ba.

Wasa biyu ke nan ina benci. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa lura da yadda wasan yake da tsawo ba sai da na kalle shi a zaune. Samarin ƙungiyar suna girmama ni, suna matsa mini wuri, suna miƙo mini ruwa. Na fi son lokacin da suke jin haushina.

Na sa an kawo mini gora marar nauyi, na ce wa Chencho tsohuwar ce ta tsage. Ya ɗauka ya jinjina, ya ce, "Baba, wannan ai ta Tobías ce, ta ɓata hanya." Na jefe shi da takalmi. Fitilun filin nan ma ba su da haske, na yi magana ba a gyara ba. Kuma ƙwallon da suke amfani da ita bana, ban san daga ina suke sayo ta ba, ta fi ta bara ƙanƙanta a ido.

Jiya Don Evaristo ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, na kuma gode masa da hakan. Mai ƙungiyar ya riga ya yi waya Panama. Akwai wani yaro can, an ce ƙato ne. Muna da wasa uku a ƙarshen satin nan da ƙungiyar da ke kan gaba, Juma'a da Asabar da Lahadi. Bayan na Lahadi za su yanke wanda zai riƙe gurbin baƙo, ni ko shi. Ya sake maimaita mini maganar tsayuwa da gora a kafaɗa. Na ce na ji.

Kin san bayan Meziko babu wata ƙasa. Daga sama na fara, ina saukowa mataki-mataki, wannan ne na ƙarshe. Wanda aka sallama daga nan ba a sake kiransa ko'ina.

Bugu ɗaya nake nema, Nereida. Ɗaya mai kyau, wanda za a ji ƙararsa daga bakin ƙofa, sauran za su biyo baya, haka abin yake koyaushe. Amma na gaji. Ba irin gajiyar da barci yake magani ba. Da safe sai in zauna a bakin gado ina lallashin jikina gaɓa-gaɓa, kamar mai tashin yara zuwa makaranta.

Ki kunna mini kyandir a coci ranar Lahadi. Kada ki gaya wa Mama dalili.

Mijinki,
Nicanor


San Eleuterio
Yuni, 1987

Zuwa ga Nereida, abokiyar zamana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin lafiya da kwanciyar hankali, ke da yaran da Mama. Ni ma lafiya lau, ba abin da ya karye. Ki samu wuri ki zauna, wannan takardar tana da ɗan tsawo, kuma ke kaɗai na rubuta wa.

Juma'a na shiga sau uku, sau uku aka mayar da ni benci ban taɓa ƙwallo ba. Asabar na taɓa wata ta mirgina a gabana kamar ƙwai, na tsira da ƙyar. Lahadi da rana Don Evaristo bai sa sunana ba sam. Na zauna ina kallo, fili ya cika har kan katanga, rana kamar za ta narka hular mutum.

Aka zo zagayen ƙarshe ana kunnen doki, mu ne da bugu. An fitar mana da mutum biyu, saura ɗaya a tafi ƙarin lokaci. Amma zangon nan uku duk da mutanenmu a kai, Chencho a na uku, taku kaɗan tsakaninsa da gida. Ki gane abin da wannan yake nufi: in mai bugu ya samu zangon sadaka, dole kowa ya matsa gaba, Chencho ya shigo gida, mun ci wasa ke nan ba tare da an bugi komai ba.

Sai na ji Don Evaristo ya ce, "Nicanor, ɗauki gora." Na miƙe. Ya riƙe hannun rigata ya ce, "Yaron nan a tsorace yake. Don girman Allah kada ka taimake shi." Yaron da yake nufi mai jifansu ne, wani dogo da suka sako a zagayen, ba irin dilolin nan ba. Shi ƙarfi gare shi, saiti ne babu.

Jifan farko ya zo a ƙasa, na kai masa bugu har na kusa faɗuwa. Fili ya ɗauki ihu. Wani mai muryar jaki a bayan raga ya ce, "Tsoho, je ka gida ka yi renon jikoki!" Na biyu ya nufo kaina, na sunkuya. Na uku ya wuce can nesa, ko da sandar tsinkar mangwaro ba zan kai shi ba. Na huɗu na taɓa gefensa ya tafi baya, an ci ni biyu ke nan. Na biyar ya daki ƙasa tun kafin ya iso. Shi an ci shi uku, ni biyu. Jifa ɗaya ya rage, ko nawa ko nasa.

Na fita daga layi na shafa ƙasa a hannu. Na waiwaya benci, Don Evaristo ya haɗa tafukansa kamar mai roƙo a gaban gunkin waliyyi. Na koma na tsaya.

Yaron ya jefo. Mai gudu ce, miƙaƙƙiya, a sama, daidai saman ƙirji. Ta wuce ta shiga hannun mai cafkarsu, gorata tana kafaɗa. Fili duka ya zuba wa alƙali ido. Alƙali ya ɗan jinkirta, sannan ya miƙa hannu ya nuna mini zangon farko. Ta yi sama da kamar faɗin yatsa biyu.

Ba zan iya kwatanta miki abin da ya biyo baya ba. Chencho ya shigo gida yana rawa da karkatattun ƙafafunsa. Samari suka ɗaga ni sama, ni da nauyina. Masu ƙaho da ganga suka sauko fili. Mai muryar jakin nan na gan shi da idona yana kiran sunana yana dukan ƙirji. Don Evaristo ya kama kaina ya sumbace shi, ya ce, "A ƙarshe dai ka ji magana, mai taurin kai! Gurbin naka ne har ƙarshen kakar wasa, ni zan gaya wa mai ƙungiya ya mayar da wayarsa." Rediyon garin ya yini yana maganar idon tsohon gwani, wai ƙwarewar shekara ashirin ce ta sa na gane yatsa biyun nan.

To ga abin da ya faru, Nereida.

Ban ƙyale ta ba. Irin ƙwallon nan, mai gudu a sama, ita ce abincina tun ina yaro. Ita na buga a Amurka, ita na buga a Japan. Tana barin hannun yaron na gane ta kamar yadda nake gane takunki a tsakar gida. Raina ya ce, ga ta, Nicanor. Ban tuna da Don Evaristo ba, ban tuna da yaron Panama ba. Na ɗaga ƙafa, na ce wa hannuwana ku tafi. Kafin su amsa na ji ƙararta a hannun mai cafka a bayana. Ba haƙuri na yi ba, makara na yi. Na makara har ta kai ba wanda ya ga alamar na tashi bugu.

Na taka zuwa zangon farko ana ta ihu. Shekara ashirin ina cewa gwiwa ce, fitila ce, gora ce, alƙali ne. Ranar nan babu wanda zan ɗora wa. Jiki magayi.

Na ce ba wanda ya gani, ashe saura mutum ɗaya. Da yamma muna ɗaki, kowa da ƙanƙara a gwiwa, Chencho ya yi ta kallona. Can ya ce, "Baba, daga zango na uku ana ganin ƙafar mai bugu sosai." Na gyara ƙanƙarar gwiwata. Ya ce, "Ni aikina ke nan, kallon ƙafafun mutane. Taka ta tashi." Na ce to sai me. Ya ce, "Sai ba komai. Bakina da tsawo amma ba a kan wannan ba. Ka ci sadakarka, mutumina, za ta kai ka Agusta, ƙarshen kakar wasa, kafin su farga. Wa ya taɓa mutuwa don ya ci sadaka?"

Na san don ƙauna ya faɗa, kuma lissafinsa daidai ne. Kallon kitse suke yi wa rogo, za su ci gaba da kauce mini na ɗan lokaci. Amma wata rana wani yaro marar kunya, wanda bai taɓa jin sunana ba, zai jefo ta tsakiya. In tsaya. Ya sake, in tsaya. Kafin sati ya zagayo duk ƙasar ta sani, kuma a gaban cikakken fili za su sani. Zan iya jure zagin wanda ya kai bugu ya kuskure, na sha shi. Ba zan iya tsayawa kullum ina addu'ar kada a jefo mini abin da na fi so a duniya ba.

Litinin da safe na sami Don Evaristo a ofis. Na ce masa ya bar yaron Panama ya zo. Ya zaci wasa nake, da ya ga ba wasa ba ne ya tashi da faɗa, karo na farko da na ji muryarsa a sama. Ya ce wata uku yana fama da ni, sai ranar da na koyi abin zan tafi? Ya tambayi dalili. A nan ne zan roƙi gafararki. Na ce masa matata ce ta matsa in dawo, kuma matan San Pedro ba a ja da su. Ya zage ki kaɗan, ba da yawa ba, sannan ya miƙo mini hannu. Ya ce ƙofa a buɗe take in kin huce.

Jirgina Asabar ne, zai sauka Santo Domingo da azahar. Ki zo ke kaɗai, kada a tara mutane, kada a yanka komai. In 'yan unguwa sun tambaya ki faɗa musu abin da rediyo ya faɗa, cewa wasana na ƙarshe ni na ciyo shi. Ba ƙarya ba ce. Sauran kuwa ajiya ce na ba ki.

Abu ɗaya yake damuna. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai, ƙarfe huɗu na yamma tana yi ina ɗaure takalmi. Ban san abin da mutane suke yi da hannuwansu a wannan lokacin ba. Sai kin koya mini, kuma ki yi haƙuri da ni, ba na saurin ɗaukar karatu.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai tahowa,
Nicanor